Mumbai da Chennai, Ku Daina Nuna wa Juna Yatsa

Akwai gardamar da ta daɗe tana cin masoya finafinan Indiya, kuma ni ta ishe ni. Mutanen Mumbai da masu bin bayansu suna cewa fim ɗin Tamil batsa ce tsagwaronta: kyamara ta maƙale a cibiya, kiɗa mai fasa kunne, tsohon jarumi mai tumbi yana wujijjiga yarinya sa'ar 'yarsa. Nasu kuwa, in ji su, gayu ne da wayewa. Mutanen Chennai su rama da cewa ai su matansu da sari suke fitowa da fure a gashi, fim ɗinsu na iyali ne, Mumbai ce ta tuɓe wa 'ya'yanta kaya ta kai su bakin teku tana kwaikwayon Turawa. Kowa ya taka laifinsa ya hango na wani. Gaskiyar da dukansu suke gudu ita ce kasuwa ɗaya suke ci mai ƙofa biyu, hajar kuma jikin mace. Wanda ya fi kuɗi ya fi iya naɗe hajar, shi ne ake kira ɗan gaye. Mazan da suka rubuta labarin, suka riƙe kyamarar, suka ƙirga ribar, su ne kuma ke fitowa gobe su yi wa macen wa'azin kunya. Wannan munafunci nake tsawata wa.

Kada wani ya ɗauka gaba nake yi da ado ko da rawa. Fim ɗin Indiya in aka cire masa kwalliya me ya rage? A 1948 S. S. Vasan na kamfanin Gemini a Madras (Chennai ta yau) ya fito da Chandralekha, da rawar nan da aka yi a kan manya-manyan ganguna, fim ɗin da ya fara kai kudu cikin kasuwar Hindi da ƙarfi. A 1958 Padmini da Vyjayanthimala suka yi gasar rawa a Vanjikottai Valiban, har yau ana koyi da ita. A arewa ga Madhubala cikin ɗakin madubai a Mughal-e-Azam na 1960, ga Meena Kumari a Pakeezah na 1972, ga Rekha a Umrao Jaan na 1981. Matan nan sun sha gwal da siliki, sun yi fari da ido, sun yi rangwaɗa da kwarkwasa, biyu daga cikinsu ma matan gidan rawa suka fito. Amma a duba inda mai ɗaukar hoto ya tsaya. Yana ja da baya har a ga mace daga kai zuwa ƙafa, don a ga yadda diddige ke amsa kiɗa da yadda yatsu ke magana. In ya matso, fuska yake nema. Anarkali, wadda Madhubala ta fito a matsayinta, tana rawa gaban Sarki Akbar ne don ta gaya masa ba ta jin tsoronsa, kuma duk wanda ya cire wannan rawar ya karya wa labarin ƙashin baya. Ma'aunin kenan, kuma ba shi da wahala: mace ce ake nuna mana da ranta da nufinta, ko gaɓa-gaɓa aka yanka ta ana miƙo wa 'yan kallo? Yawan yadin da ta ɗaura ba ya amsa wannan tambaya.

Mu fara da kudu, tunda su ne masu taƙama da sari. A Chinna Gounder na 1992, fim ɗin ƙauye da iyalai suka yi dafifin kallo, Vijayakanth ya fito a matsayin mai gari adali wanda kowa ke kawo wa shari'a. Ya cinye Sukanya a wata gasa, sai aka kwantar da ita, ya murza katantanwa ya ɗora mata a ciki. Kyamara ta sauko ta cika majigi da fatar cikinta, katantanwa na juyawa, ita tana mutsu-mutsu tana runtse ido, kiɗa na rakiya. Ba ta tuɓe komai ba. Shigar 'yar ƙauye ce a jikinta. Duk da haka babu baligin da ya kalli wurin bai san abin da ake nufi ba, kuma saboda abin da ake nufin aka ɗauke shi. Wannan ita ce dabarar Kodambakkam, unguwar 'yan fim ta Chennai: a rufe mace da yadi shida, a bar taga ɗaya a ƙugu, a kafa kyamara a bakin tagar. A jiƙa ta da ruwan sama, a sa iska ta kwashe gefen mayafi, a rage gudun hoto. Sai a ce wa hukuma da iyaye ai ga shi nan, shigar gargajiya ce.

K. Raghavendra Rao, daraktan Telugu, shi ya yi suna wajen jifan cibiyar jarumai mata da furanni da 'ya'yan itace. A 2017 Taapsee Pannu, wadda ta fara fim a hannunsa a 2010, ta faɗa cikin raha cewa ita kwakwa aka jefa mata, kuma ba ta ga abin sha'awa a ciki ba. Magoya bayansa suka yi mata caa, ƙarshenta ita ta fito ta ba da haƙuri. Wadda aka jefa ita ta roƙi gafara. Kafin mutanen Mumbai su yi dariya su tuna cewa wannan daraktan ne ya yi musu Himmatwala a 1983, da Jeetendra da Sridevi suna tsalle tsakanin ɗaruruwan tukwane, suka kuma saya hannu bibbiyu har aka shafe shekaru ana kwaikwayonsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai a finafinan taurarin Tamil shi ne huɗubar da ke biyo baya. A Sivakasi na 2005, wani ɗan iska ya taɓa jikin Asin a kasuwa, ta juya tana dukansa. Vijay, jarumin fim, ya iso. Maimakon ya tsaya a kan mai laifi sai ya juya kanta gaban jama'a, yana ƙare wa gajeren wandonta kallo, yana gaya mata shigarta ce ta jawo, da ta ɗaura sari da maza sun girmama ta. Aka tsara wurin don 'yan kallo su yi tafi da fito. Yarinyar da aka ci wa mutunci sau biyu a wuri ɗaya kuma sai ta kamu da sonsa. A cikin wannan fim ɗin dai aka gayyato Nayanthara ta yi rawa ɗaya tak, ba ruwanta da labari, jarumi mai wa'azi yana karkaɗa ƙugu kusa da ita. A Padayappa na 1999 Rajinikanth ya kasa mata kashi uku, ya yanke wa Neelambari, ɗaya daga cikin matan labarin, hukuncin lalacewa saboda ta furta abin da take so da bakinta kuma tana da fushi. Dattijon ƙwarai ba ya sayar da abu da hannun dama ya tsine wa abin da hannun hagu.

Huɗubar nan ba a majigi take tsayawa ba. Jaruma Khushbu, wadda masoyanta suka taɓa gina wa ɗakin bauta a Tiruchirappalli, ta yi wata magana a mujalla a 2005 kan mu'amalar samari da 'yan mata kafin aure da kare kai daga cuta. Mutum na iya ƙin maganarta, ni ma ba duka na yarda da ita ba. Amma ƙararraki 22 aka shigar a kanta, aka fito mata da tsintsiya da takalma, ta yi ta zarya har 2010 kafin Kotun Ƙoli ta kori ƙararrakin. Shekaru fiye da goma ana biyan kuɗi a kalli jikinta ba wanda ya je kotu, ranar da ta buɗe baki aka tuna da al'ada. A farkon 2008 Shriya Saran ta je bikin cikar Sivaji kwana 175 a sinima, gaban babban ministan jiha Karunanidhi, da gajeriyar riga. Wata ƙungiya ta kai ƙara wurin 'yan sanda, ta fito ta nemi afuwar Tamilawa. Kayan da aka sa mata a waƙoƙin fim ɗin da ake bikinsa ba su fi wannan rigar rufe jiki ba, amma ba a nemi darakta Shankar ko masu kuɗin fim su ba kowa haƙuri ba. An bar jaki ana dukan taiki.

To ku kuma mutanen Mumbai, da wane ido za ku kalli kudu? Raj Kapoor da kuke kira babban gwani shi ya sa Dimple Kapadia kayan ninkaya a Bobby na 1973 tana yarinyar da ba ta wuce shekara 16 ba. Shi ya yi Satyam Shivam Sundaram a 1978, fim ɗin da ke wa'azin cewa kyan zuciya ya fi kyan fuska, alhali kyamara ta ƙi barin jikin Zeenat Aman. A 1985 ya tsayar da Mandakini ƙarƙashin ruwan da ke kwararowa daga dutse da farin yadi shara-shara, ya ce yana nuna tsarkin kogin Ganga ne, Filmfare ta ba fim ɗin lambar fim mafi kyau, shi kuma ta darakta mafi kyau. Da wani furodusa a Kodambakkam ne ya ɗauki wannan hoton da baƙar yarinya a bayan gari, da sunan da za a ba shi daban ne. Sunan gidan Kapoor da kiɗa mai daɗi da duwatsun Himalaya su suka wanke shi.

Da aka shiga shekarun 1990 ma sai aka ajiye ko da wannan lulluɓin. Waƙar Khal Nayak ta 1993, mai tambaya da harshen damo kan abin da ke cikin rigar mace, ta jawo zanga-zanga da ƙara a kotu, rigimar kuma ta ƙara wa kaset ɗin kasuwa. Ita aƙalla akwai gwanintar Madhuri Dixit da ta mai tsara rawa Saroj Khan a ciki. Waɗanda suka biyo baya gwanintar suka zubar suka riƙe harshen damon. A 1994 kaɗai ga Raja Babu da Andaz na David Dhawan, ga Khuddar da aka tilasta wa canza kalma ɗaya a waƙa, waƙar ta ci gaba da yawo a tasha da gidan biki. Daga 2010 kuma sai manyan jarumai mata da kansu suka karɓi aikin da a da ake ba 'yan rawa: Malaika Arora a Dabangg, Katrina Kaif a Tees Maar Khan da Agneepath, Kareena Kapoor a Dabangg 2. Tsarin ɗaya ne kullum. Mace guda a tsakiya, maza hamsin ko ɗari bugaggu sun kewaye ta da kwalabe, suna miƙa hannu suna lashe baki, jarumi kuma, wanda sau da yawa ɗan sanda ne a labarin, ya shigo ya taya su. A waƙar Kareena an sa mace ta kwatanta kanta da gasasshiyar kaza da za a kora da giya. Fim ɗin ya fito ranar 21 ga Disamba 2012, kwana biyar bayan wasu maza sun yi wa wata ɗaliba fyaɗe a cikin bas a Delhi, tana kwance asibiti tana fama da ranta, matasa na kan titi 'yan sanda na watsa musu ruwa. Ban ce waƙa ce ta yi fyaɗe ba. Na ce duk mai sauran kunya a fuska da ya dubi hoton maza sun yi wa mace ɗaya zobe a wannan makon ya ji cikinsa ya juya. Jaruma Shabana Azmi ta fito ta soki waƙar da sunanta. Karan Johar, wanda ya shirya Agneepath, daga baya ya ce ya yi nadamar irin waɗannan waƙoƙi. Kasuwar dai ba ta tashi ba.

Me ya sa to ake kiran na Katrina gayu, na kudu a kira shi ƙazanta? Kuɗi da launin fata. A Mumbai jikin siriri ne, fari, ya sha motsa jiki, tela mai suna ya ɗinka kayan, an haska shi da fitilu masu tsada a Suwizalan ko a Sifen. A kudu jikin mai ƙiba ne, wurin kuma mashaya ce ta talakawa ko kasuwar kifi. Masu ilimin boko na birni suna jin ƙyamar talaka da baƙar fata, sai su sa wa ƙyamar tasu sunan tarbiyya. Chennai ma ta haɗiye wannan raini ta mayar da shi nata. Shekara da shekaru tana ɗauko fararen 'yan mata daga arewa, Nagma, Simran, Tamannaah, Hansika, Kajal Aggarwal, da yawansu ba su iya Tamil ba lokacin da suka zo, wata ce ke ɗora musu murya. Har Baturiyar Ingila, Amy Jackson da ta tashi a Liverpool, an sa ta fito a 'yar Tamil. Jarumi kuwa ya zauna da baƙinsa, ana masa kirari da shi. In jaruma ba ta buƙatar jin harshen da take wasa da shi, an riga an gaya mana abin da aka ɗauko ta ta yi.

Duk wanda ke son ganin ƙarshen wannan ciniki ya dubi Silk Smitha. Sunanta na yanka Vijayalakshmi, an haife ta a 1960 a wani ƙauye na Andhra Pradesh, gidan talakawa. Ta bar makaranta tun tana ƙarama, aka aurar da ita da wuri, ta gudu Madras, ta fara da gyara wa 'yan wasa kwalliyar fuska. A Vandichakkaram ta fito a mai sayar da giya mai suna Silk, sunan ya bi ta har kabari. Ta iya wasa, kuma manyan daraktoci sun sani: Bharathiraja ya ba ta matsayin matar gida mai nutsuwa a Alaigal Oivathillai na 1981, Balu Mahendra ya sa ta a Moondram Pirai na 1982 tare da Kamal Haasan da Sridevi. Amma kasuwa ba wasanta take so ba. A cikin shekara 17 ta fito a finafinai sama da 450 cikin Tamil da Telugu da Malayalam da Kannada da Hindi, mafi yawansu rawa ɗaya ce ta minti huɗu ko biyar. Finafinan da suka kwanta a gwangwani babu mai saye, a kan cusa musu waƙarta guda su samu dillali. Wato guminta ya ceci jarin maza da yawa, ya ɗaga jarumai da yawa da ake kira mutanen kirki. Su aka ba su sarautar fim da kujerun siyasa, ita aka bar ta da sunan 'yar batsa. Ranar 23 ga Satumba 1996 aka tsinci gawarta a gidanta a Chennai, tana da shekara 35, 'yan sanda suka ce ita ta kashe kanta.

Bayan shekara 15 Mumbai ta zo ta ɗauki abin da ya rage. Ekta Kapoor ta shirya The Dirty Picture, wanda aka gina a kan rayuwar Silk, aka sake shi ranar 2 ga Disamba 2011, ranar haihuwar marigayiyar, danginta na ƙorafi. Vidya Balan ta yi wasa mai kyau, ba na hana ta, ta kuma ci lambar yabo ta ƙasa. Sai dai a lura: rawar da Silk ta yi aka kira ta ƙazama, farar jaruma 'yar birni ta maimaita ta aka kira ta jaruntaka, aka kuma tallata fim ɗin da irin hotunan da yake iƙirarin yana kuka a kansu. Helen, wadda iyalinta suka gudo daga Bama a ƙafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi irin wannan aikin a ɗaruruwan finafinan Hindi, a Howrah Bridge da Caravan da Sholay, kullum da sunan Kirista ko na baƙuwa, sau da yawa harsashi ya same ta kafin a tashi don jarumi ya auri ta kirki. Ita ta yi tsawon rai har gwamnati ta ba ta lambar Padma Shri a 2009, kuma ta cancanta. Silk ba ta ga irin wannan ranar ba.

Hukumar tace finafinai ta Indiya, da ke aiki da dokar 1952, tana da kaso babba a wannan ɓarna. Shekaru da dama tana sa almakashi a sumba tsakanin miji da mata, tana barin wurin fyaɗe na minti biyar da bos ke yaga rigar ƙanwar jarumi. Ita ta koya wa daraktoci zaurance: tunda an hana a nuna soyayya a fili, sai a nuna sha'awa a karkace, da katantanwa da kwakwa da ruwan sama. Daga 2015 zuwa 2017 aka ɗora Pahlaj Nihalani a kanta, mutumin da ya shirya Andaz ɗin da na ambata. A zamaninsa aka rage tsawon sumbar James Bond a Spectre, aka ƙi ba Lipstick Under My Burkha na Alankrita Shrivastava takarda, cikin dalilan har da cewa labarin ya karkata ga mata, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta finafinai ta sake shi. A zamanin nasa dai finafinan barkwancin batsa Mastizaade da Kyaa Kool Hain Hum 3 suka wuce bayan 'yan yanke-yanke. Da aka sauke shi, ba a yi wata biyu ba ya fito yana tallan Julie 2. Kudu ma ta samu nata irin, Iruttu Araiyil Murattu Kuththu a 2018 da Irandam Kuththu a 2020, har dattijo Bharathiraja ya fito ya yi tir. Hukumar da ke jin tsoron mace mai magana fiye da namiji mai leƙe ba tarbiyya take karewa ba.

In ana son sanin zuciyar masana'anta a saurari abin da mazanta ke faɗa in sun samu makirfo. A Maris 2019 ɗan wasa Radha Ravi ya tsaya a taron tallan fim ɗin Nayanthara ya yi mata habaicin da ya taɓa mutuncinta, mutanen zauren na dariya, sai da jam'iyyar DMK ta dakatar da shi. A Nuwamba 2023 ɗan wasa Mansoor Ali Khan ya gaya wa 'yan jarida takaicinsa cewa an sa shi a Leo tare da Trisha amma ba a ba shi wurin fyaɗe da ita ba kamar yadda ake ba shi da wasu a da. Yana faɗa yana murmushi. Mutumin da ya shekara talatin ana biyansa ya yi wannan a gaban kyamara, ana masa tafi, ina zai san abin kunya ne? A 2018 mawaƙiya Chinmayi ta zargi marubucin waƙoƙi Vairamuthu da neman ta da lalata, shi kuma ya musanta. Ba ni ne alƙali ba. Abin da kowa ya gani shi ne cikin 'yan makonni ƙungiyar masu ɗora murya, wadda Radha Ravi ke shugabanta, ta cire ta da hujjar kuɗin ƙungiya, ta yi shekaru aikin Tamil na yi mata wuya.

Uzurin da suke fakewa da shi kullum shi ne wai abin da jama'a ke so kenan. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don Grand Masti na 2013 ya tara sama da rupi biliyan 1, kuma ba aljanu suka sayi tikitin ba. Amma a shekarar 1994 ta Raja Babu, fim ɗin da ya doke kowa shi ne Hum Aapke Hain Koun. Dangal na 2016 babu 'yar rawa ko ɗaya, ya shiga sahun finafinan Indiya mafi kawo kuɗi a tarihi. Kaithi na 2019 babu jaruma babu rawa, ya yi kasuwa. A 96 na 2018, Trisha ta fito cikin riga ruwan ɗorawa da wando, ita da Vijay Sethupathi suna yawo a titunan Chennai suna tuna makaranta, da ƙyar hannunsu ke haɗuwa, mutane suka cika sinima suna share hawaye, 'yan mata suka bazama neman irin rigar. Muryar da aka ji daga bakin Trisha a fim ɗin ta Chinmayi ce, makonni kaɗan kafin a kore ta. Jama'a na sayen labari in an ba su. Mai cusa 'yar rawa ragon marubuci ne da ya san labarinsa ba zai tsaya da ƙafarsa ba.

Mu ma nan ba za mu wanke hannu ba. Tun zamanin da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya, iyayenmu a Kano da Kaduna da Jos da Zinder suka rungume su saboda sun ga abin da suka sani: auren dole, biyayya ga uwa, mace mai sunkuyar da kai, masoya da ba sa wuce iyaka. Mother India ta zama tamu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan tsohuwar yarda ce har yau take sa uba ya hana fim ɗin Amurka a gidansa amma ya bar yara da na Indiya ya fita. Yanzu kuma da fassarar Indiya-Hausa, finafinan Tamil da Telugu ne suka cika wayoyi da shagunan tura fim, jarumi na yi wa yarinya wa'azin sutura da Hausa garau, wani lokaci mai fassara ya ƙara nasa gishirin na shaƙiyanci. In waƙa ta zo a danna a wuce, a ɗauka an tsira. Ba a tsira ba, domin darasin da ya fi cutarwa yana cikin hirar: ka bi yarinya duk inda ta je ko ta ce ba ta so, ka kunyata ta gaban mutane, a ƙarshe za ta so ka. Remo ya fito a Oktoba 2016, jarumi ya yi shigar ma'aikaciyar jinya don ya kutsa rayuwar likitar da aka riga aka yi wa baiko, ƙasa da watanni huɗu bayan an sassare wata matashiya a tashar jirgin ƙasa ta Nungambakkam a Chennai, 'yan sanda suka ce wanda ya daɗe yana bibiyarta ne. Babu tsiraici a fim ɗin. Yaronka na iya kallonsa daga farko har ƙarshe ba ka taɓa rimot ba. Mu da muke saurin yi wa 'yar Kannywood taron dangi in ta sa hoto a Instagram, mu tambayi kanmu sau nawa muka nemi sunan furodusa.

Maganar ƙarshe ta manyan jarumai ce, don su ke da wuƙa da nama. A Chennai da Mumbai duka, sunan namiji ake sayarwa tun kafin a rubuta labari. Shi ke zaɓar darakta, shi ke amincewa da jaruma, albashinsa kan ninka nata sau da yawa. Salman Khan ko Rajinikanth in ya ce ba ya son waƙa, babu furodusan da zai yi masa musu. Rajinikanth yana da shekara 72 aka yi Jailer a 2023, aka kuma tallata shi da rawar Tamannaah, wadda ba a haife ta ba lokacin da ya riga ya zama sarkin Kodambakkam, ya shiga ya taka tare da ita. Ya fi ƙarfin wannan, fim ɗin ma ya fi ƙarfinsa. Vijay kuwa a Fabrairu 2024 ya kafa jam'iyyar siyasa, ya shiga neman amincewar matan Tamil Nadu, masu sari da masu wando, masu sayar da kifi da masu aiki a kamfanonin kwamfuta. Kowace ɗaya cikinsu tana da haƙƙin ta tsayar da shi ta tambaye shi: in aka taɓa ni a kasuwa na kawo ƙara, wa za ka tsare, ni ko shi?